Ranar da Tasi'u Ya Ce "Wuta"

Wata rana da la'asar ina zaune a teburin mai shayi a Dakata, sai aka kawo wuta.

Kun san halinmu. Yara suka ɗauki ihu, "An kawo wuta!" Mai walda ya zabura, tela ya bar hira ya ruga shago.

Wani dattijo da ke kusa da ni kuwa sai ya runtse ido. Ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba, ya sa takalmi ya tafi.

Ni da ba na iya ganin abu in yi shiru, na tambayi mai shayin ko lafiya. Na yi zaton zai ce mutumin ba ya son hayaniya ne.

Yana goge tebur ya ce tsohon maigidansa ne.

Dattijon nan, in ji shi, yana da masana'antar man gyaɗa a da. Ƙanensa Tasi'u ne ke kula da injina. Dattijon ne ya raine shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure.

Injiniya ya ba su shawara su sa na'urar da ke tare wuta idan ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙima. Ba su ƙi ba. Har an sayo ta.

Amma kafin a ɗaura ta sai an tsayar da aiki, ga shi lokacin kaka ne, gyaɗa ta cika sito. Aka ce a bari sai aiki ya lafa.

Sai aka ɗauke wuta kwana da kwanaki. Aka bar komai a kunne, don kada a yi asarar lokaci idan ta dawo.

Ranar, ma'aikata suna ƙarƙashin bishiya tare da maigidan, kowa ya gaji da jira. Tasi'u kaɗai ne a ciki yana duba injin matsa.

Wutar ta dawo da mugun ƙarfi. Babban akwatin wutar da ke bakin ƙofa ya kama, ga mai a ƙasa, ga buhuna a jibge.

Daga ciki suka jiyo muryarsa:

"Yaya, wuta! Wuta!"

Ma'aikata suka ce Alhamdu lillahi. Har da masu tafi.

Maigidan yana dariya ya ɗaga murya:

"Mun ji, Tasi'u! Ka tada injin mana, me kake jira?"

Sai da hayaƙi ya turnuƙe ta saman kwano suka gane wace wutar yake nufi.

An fito da shi da rai. Bai kwana ba.

Mai shayin ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka yi tafin. Da aka zo kwashe abin da ya rage, an tarar da na'urar a ofis cikin kwalinta, ko ledar ba a yage ba.

Wallahi shayin nan kasa shanye shi na yi. Na tausaya wa bawan Allahn nan. Gari guda na murna, shi kuma kullum ana maimaita masa kiran da bai fahimta ba.

Darasi:

Kariyar da ka saya ka ajiye a kwali ba ta kare kowa. Mai masana'anta, tsayar da injin na yini ɗaya ka ɗaura ta. Aiki zai jira ka.

Kuma idan naka ya kira ka, ka saurari yadda muryarsa take kafin ka amsa.

Allah Ya jiƙan Tasi'u, Ya ba yayansa haƙuri.

Ka tura wa duk wanda ka sani yana da injin da mutane ke aiki a gefensa. Kada ka ce sai anjima.