Tsirkiyar da Na Je Saye

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Sabon Garin Wudil, maƙwabcina kuma abokina wani malamin jami'a ne ɗan Kudancin Kaduna. Yana da wani goge na Turawa da ya kusa fin shi tsawo, a tsaye ake kaɗa shi. Dabul bas yake kiransa.

Ana saura kwana biyu ɗaurin auren 'yarsa a coci, ina taya shi fito da gogen daga mota, na buga shi da ƙofa. Tsirkiya ɗaya cikin huɗu ta tsinke. Ga shi ya yi wa amarya alkawarin shi zai kaɗa mata. Kunya ta sa na ce, "Malam, bar min wannan. Yanzu zan shiga Kano." A tunanina tsirkiya ai wayar ƙarfe ce kawai.

A Kano na shiga shagon kayan kiɗa, mai shagon, wani dattijo, ya dube ni ya ce, "Ta hanji ko ta ƙarfe?"

Na ce, "Hanjin wa?"

"Na tunkiya. Da yatsa yake kaɗawa ko gogawa yake yi? Murya mai kauri yake so ko mai kaifi?"

Na kira abokin nawa, waya a kashe. Shekara shida ina jin kiɗan nan ta katanga, amma ko tambaya ɗaya na kasa amsawa. Ƙarshe, da gemuna da komai, na tsaya tsakiyar shago ina "dum, dum, duum" da baki.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Idan kun gaisa, ina kake jin kanta, wato taurin fata, a hannunsa?"

Na nuna gefen manunin dama. Ya ce, "Da yatsa yake kaɗawa ke nan," ya miƙo min ta ƙarfe.

Da abokina ya ɗaura ta, ya taɓa sau ɗaya. Sauran ukun ashe na hanji ne. Suna gurnani, tawa tana ƙara kamar kwano. Na ce in mayar, ya ce a'a. Da ita ya yi kiɗan bikin, amarya ta yi ta kuka, ni kuwa na rasa ko na daɗi ne.

Har ya bar Wudil bai canza ta ba. Na sha tambayarsa ko daidai na saya, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai duk na taɓa ta sai na tuna da kai." Har yau ban gane ko yabo ne ko tsiya ba.