Mai Famfo da Tsokar Matarsa

Mai Famfo ya tsufa yana tonon bututu a gidajen mutane, aikin kuma ya koya masa rashin yarda. Ya sha tarar da maƙwabci ya ja ruwan maƙwabcinsa ta ƙarƙashin katanga, alhali kullum suna gaisawa har da tambayar iyali. Ko kwano aka miƙo masa sai ya leƙa gindinsa. Matarsa kan ce da a hannunsa aka haife shi, da sai ya nemi shaida.

Da aka cire wa matar ƙari a nono, likitar da ta yi aikin ta nemi a bar musu 'yar tsoka don bincike. Nan hankalinsa ya tashi. A sana'arsa, ba a roƙon tsohon bututu sai a gidan da za a rushe. Ya kammala a ransa cewa ciwon ya bazu, sun fid da rai, suna dai ɓoye masa. Ya riƙa lura da yadda masu jinya ke sassauta murya idan ya shigo, har murmushin mai shara bai yarda da shi ba.

"Baban yara, tsokar taka ce ko tawa?" in ji matar daga kan gado. "Je ka gani da idonka, ka bar ni in huta."

Likitar ta kai shi wani ɗaki mai sanyi, ta sa ya duba tsokar ta madubin ƙara girma. Ta bayyana masa cewa jikin ƙwayoyin halitta na lulluɓe da wani irin sukari, ba na shayi ba, kuma akwai sinadaran furotin da ke manne masa. Ƙari kan yawaita su, su kuma su taya shi janyo sababbin jijiyoyin jini, ya sha ta nan, wani lokaci ya bi ta nan ya tafi wani wuri. Waɗannan furotin ɗin ne masu binciken suke son ganewa.

Ya daɗe sunkuye. Jijiyoyin a karkace suke, wasu a kumbure, haɗin ba tsari. Ya ce wannan aikin ɓarawo ne mai sauri, dole ya yi yoyo. Ta ce yana yi kuwa.

Sai ya ɗago ya tsare ta da ido. "Likita, kar ki yi min kwana-kwana. Ƙarin nata ya tafi wani wurin?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Sai an ɗauki hoton cikin jikinta ya fito."

Ya juya maganar ta kowane gefe yana neman inda aka yi mata faci. Duk macucin da ya taɓa haɗuwa da shi a bakin aiki, babu wanda ya ce bai sani ba. Ya ce su riƙe tsokar, amma ranar hoton a ajiye masa kujera kusa da na'urar, don ba zai tsaya a waje ba.