Saura Tashi Ɗaya

Ƙanena ya sayi motar ne shekara guda kafin a yanke mana layukan waya. 'Yar Kwatano ce, baƙa, doguwa, bayanta a haɗe da cikinta, ta yadda in an kwantar da kujerun baya mutum biyu za su miƙe ba tare da sun lanƙwasa ƙafa ba. Ranar da ya shigo da ita Anka har masu shayi suka bar teburinsu suka zo leƙe. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne gas take sha, ba fetur ba. A wurinmu gas na tifa ne da injin niƙan dutse na masu neman zinari, abubuwa masu ruri da baƙin hayaƙi. Ita kuwa in tana tsaye a kunne, sai ka kasa kunne kafin ka ji ta.

Yana son yin bayaninta ga duk wanda ya zauna kusa da shi. Yakan ce ba zuba mai take yi ba, fesa shi take, feshi siriri kamar na turare, daidai gwargwadon abin da injin ya nema. Iskar da za ta fita ta salansa, wato bututun hayaƙi, ma ba a barin ta ta tafi a banza, sai ta juya wata fanka da ke tura sabuwar iska ciki. Shi ya sa tanki ɗaya ke kai shi Sakkwato ya dawo da saura. Ni dai sai in ce Masha Allah. Karatuna na allo ne da ajami, rubutun da ke fitowa a ƙaramin gilashin gaban direba ba na karanta shi. Shi ma da ya yi boko ya ce ba Turancin da ya sani ba ne, na mutanen Jamus ne. Lambobi kaɗai muke ganewa.

Da aka yanke waya aka kuma hana sayar da mai a jarka, motoci da yawa suka kwanta a ƙofar gidajen masu su. Tasa ce ke fita jefi-jefi, saboda ƙarancin cinta.

Wata Talata da hantsi mijin ɗiyata ya iso a keke daga ƙauyensu na ƙasar Bukkuyum, rigarsa jiƙe da gumi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, amma maganar da ta kawo shi sai ya ja ƙanena gefe ya faɗa masa. Ɗiyar tawa ita ce 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba, haka muka tarar ana yi. Tun azahar ɗin jiya take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ga jini ya fara zuba. Innarta ta rasu shekaru uku kafin nan. Na ɗauki hulata da carbi na shiga gaban mota, ba wanda ya tambaye ni.

Na lura ƙanena ya daɗe da yatsansa a kan madannin tayarwa kafin ya yi bismilla ya danna. Wani rubutu ruwan ɗorawa ya fito a gilashin, da lamba biyu a gefensa. Da injin ya tashi sai biyun ta koma ɗaya. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi tsawon mutum a kowane gefe na hanya, ba ka ganin abin da ke bayan kunyoyi uku na gona. Mun wuce wani ƙauye da na sani da kasuwa, rumfuna a tsaye ba kowa, sai awaki biyu a inuwar masallaci. Duk inda hanya ta lanƙwasa sai in ji ƙanena ya ɗan sassauta, ya duba, sannan ya taka.

Da muka isa ƙofar gidan, shi da mijin suka faɗa ciki da sauri. Ni na zauna, don gidan surukai ne, kuma ba ni ne zan shiga in ga halin da take ciki ba. Motar tana kunne, sanyi na busowa a ƙafafuna. Na ja carbi zagaye ɗaya, na ja na biyu, ba su fito ba. Sai tunanin man ya shigo mini. Ni mutum ne da aka rene shi a kan cewa almubazzaranci zunubi ne, ko ruwan alwala ba na bari ya zuba fiye da kima. Ga gari ana neman mai kamar magani, ga mota tsaye tana ƙona shi don ta sanyaya wa tsoho ɗaya ƙafa, ga tafiyar Gummi a gabanmu, don asibitin can ya fi kusa da ƙauyen. Na miƙa hannu na danna inda na saba ganin yana dannawa. Ta yi shiru. Har na ji daɗi a raina, ina ganin na taimaka da abin da zan iya.

Suka fito ɗauke da ɗiyata a tabarma, surukarta na biye da ƙullin zannuwa. Ƙanena na isowa ya tsaya cak.

“Yaya, wa ya kashe motar?”

“Ni ne. Na ga mai na tafiya a banza.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Suka kwantar da ita a baya, surukar ta hau ta ɗora kanta a cinya, mijin ya takure a gefe. Ban waiwaya ba, amma ina jin numfashinta, gajere-gajere, kamar na wanda ya hau tudu da kaya. Ƙanena ya zauna, ya goge tafin hannunsa a wando, ya danna. Na ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sannan motar ta tashi, lambar nan ta koma sifili.

Sai da muka hau kwalta ya yi mini bayani, idonsa a kan hanya. Kusa da murfin tankin mai akwai wani ƙaramin murfi shuɗi. Wani ruwa ake zubawa a nan, fari kamar ruwan sha, motar na fesa shi cikin salansa yana wanke hayaƙi, shi ya sa ba a ganin baƙi a bayanta. Waɗanda suka ƙera ta sun tsara cewa in ya ƙare za ta ba ka adadin tashi, in ka cinye su ba ta ƙara tashi sai an zuba an kuma sa mata na'ura. Nasa ya ƙare ana cikin rufe hanyoyi, ba a samun shi kusa. Sai ya zuba ruwan leda, yana ganin ruwa ai ruwa ne. Motar ta gane, ta ci gaba da ƙirga.

“Ɗayan nan da ka gani, don shingen sojoji na gaba na aje shi,” ya ce. “Ka san in anka isa can sai an kashe mota kowa ya sauka. In munka kashe ta yanzu, ko mutum ɗari sunka tura ta ba ta tashi. Ba irin wadda ake turawa ba ce.”

“Mi ya hana ka faɗa mini tun a gida?”

“Kunya na ji, Yaya. Ni da na cika gari da labarinta, in ce na ba ta ruwan leda?”

Daga bayan motar surukar ta ce, “Ku bar zancen mota, ku taka. Hannunta ya yi sanyi.”

Daga shingen zuwa Gummi tafiya ce da ba a yi da mai naƙuda a ƙafa, kuma babu waya da za a kira kowa. Na yi ta jan salati ina lissafin abin da zan ce, ban samu komai ba har muka hango ganguna da buhunan yashi da gungumen da aka gicciya. Akwai bas ɗaya a gabanmu, fasinjojinta a tsaye a rana, hannuwa sama. Wani soja ya nufo mu yana murza hannu a iska, alamar a kashe.

Ƙanena ya sauke gilashi. “Ranka ya daɗe, mara lafiya gare mu. Motar in an kashe ta ba ta tashi.”

Hausar sojan kaɗan ce. Ya dubi motar daga gaba har baya, baƙa, mai tsada, gilasan baya masu duhu. Ban ga laifinsa ba. A lokacin ana kama masu kai wa 'yan bindigar daji mai da abinci, kuma motar da ta ƙi kashewa a shinge kamar mai shirin gudu ce.

“Kashe!” ya ce. Ya ja baya taku biyu, ya gyara riƙon bindigarsa. Wani da ke bayan buhunan yashi ya juyo da tasa wajenmu.

Na ga yatsan ƙanena ya nufi madannin. Na kama wuyan hannunsa na riƙe. Sannan na buɗe ƙofa a hankali, na fitar da hannuwana biyu tukuna, carbin na reto, na sauka. Na ɗaga murya yadda na bayan buhunan ma zai ji.

“Ɗiyata ce a baya. 'Yar farina. Tun jiya take naƙuda, jini na zuba. Ni na yi kuskuren da ya sa ba a iya kashe motar nan, ba direba ba. Ku sauke mu duka, ku zaunar da shi a ƙasa, ku duba ko'ina. Ku bar ta a kunne kawai.”

Wani babba a cikinsu ya fito daga rumfa, mai furfura a gemu, yana jin Hausa sosai. Ya sa na maimaita. Ya dube ni, ya dubi ƙanena.

“Direba, fito. Je can ka zauna. Kai ma na baya.”

Ƙanena da mijin suka fita suka zauna a bakin kwalta. Ko gama zama ba su yi ba motar ta fara wani ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, ba tsayawa. Sojan farko ya daka tsalle gefe ya ɗaga bindiga, fasinjojin bas suka watse cikin dawa.

“Makulli ne!” ƙanena ya yi ihu. “Makullin na aljihuna, nemansa take! Wallahi makulli ne!”

“Fito da shi da yatsa biyu,” in ji babban. “A hankali.”

Ya zaro shi, babban ya karɓa ya jefa kan kujerar direba. Ƙaran ya tsaya. Injin na nan yana aiki, na kasa kunne na tabbatar. Babban ya zagaya ya ɗaga ƙofar baya. A nan ne na dubi ɗiyata, karo na farko a ranar. Fuskarta ta yi fari, leɓɓanta sun bushe, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe har tabarma. Ta buɗe ido ta ce, “Baba.” Na ce, “Na'am, ga ni.”

Babban ya leƙa ƙarƙashin ƙullin zannuwan, ya sauke ƙofar da kansa, ya daka wa yaransa tsawa su janye gungumen.

“Baba, ku tafi. Kada ku tsaya ko'ina.”

Ba mu tsaya ba sai ƙofar ɗakin haihuwa. Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Kaduna, ta duba ta sau ɗaya ta kira a kawo gadon turawa. Ƙanena ya matsar da motar ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro ya kashe ta. A nan ta zauna har bayan girbi, sai da aka zo da makaniki daga Kano.

Aka ce ana buƙatar jini. Na mijin bai dace ba, na ƙanena ya dace, suka shiga da shi. Na yi alwala na rama azahar, na yi la'asar, na zauna a kan benci. Rana ta yi sanyi kafin ma'aikaciyar ta fito tana cire safar hannu. Ta ce an yi aiki, uwar na da rai. Ɗan namiji ne, amma ya riga ya koma tun kafin mu iso. Na so in tambaye ta tun yaushe, ko tun a ƙauye ne ko a hanya, sai na fasa. Muka karɓe shi a cikin zane, mutanen unguwar suka taimaka mana muka rufe shi kafin magariba.

Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Ina kwana a masallacin da ke bakin asibitin, da safe in zo in zauna a bencin nan. A rana ta huɗu surukar ta fito da kwano a hannu ta ce mini ta tashi zaune, ta sha kunu da hannunta, har ta ce a ƙara mata tsamiya.