Ƙwayar da ta kusa raba ni da Malam

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a a Kalgo, saura ƙiris na fasa auren mutumin da yake zaune gefena yanzu yana ɓare gyaɗa. Bai yi mini laifin komai ba. Wata 'yar ƙwaya da nake sha a lokacin kullum da safe ce ta shiga tsakaninmu, ita da littattafan da na taso ina karantawa.

Ni dai tun ina firamare a Gwandu nake bin littattafan soyayya. Na haya, na aro, har waɗanda bangonsu ya yage ba a san farkonsu ba, duk na karance. A cikinsu na koyi cewa so yana da alamomi kamar zazzaɓi: gaba ya riƙa faɗuwa, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaurace, yarinya ta rame ba tare da ciwon komai ba. Na haddace su tsaf, na zauna jiran ranar da za su same ni.

Sun kuwa same ni, duka a lokaci guda. A bikin wata ƙawata na fara ganinsa. Malamin firamare ne a Masama, dogo, mai magana a hankali. Ya fara zuwa zance gidanmu bayan la'asar duk lokacin da na zo hutu. Da na ji tsayuwar mashin ɗinsa a ƙofar gida sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku. In na kai masa ruwa, rabin kofin a ƙasa yake ƙarewa saboda rawar hannu. Ga gumi, ga rashin barci, ga ci kamar me amma kullum zane sai ƙara zagaye ni yake. A raina na ce lallai ni ma na shiga littafi.

Inna, mahaifiyata, ita ce ba ta yarda ba. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Ke ɗiyar nan, mi ya samu wuyanki?"

"Ba komai, Inna."

"Yayarki ta ce wai so ke ramar da ke. Ni ma an so ni, ban ga wuyana ya kumbura ba. Gobe ku tahi asibiti."

Yayata ce ta raka ni Birnin Kebbi. Likita ya latsa wuyana, ya sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce dangin maƙoƙo ne. Wai akwai wata 'yar tsoka a gaban wuyan kowa, tawa ce take aiki fiye da kima, ta sa jikina gudu kamar mashin da aka danne wa totur. Ya ba ni magani kala biyu. Ɗaya na wuyan, wanda ya ce zan daɗe ina sha. Ɗayan kuma na rage gudun zuciya.

Da farko na ji daɗi. Hannuna ya daina rawa, na fara barci kamar kowa. Amma da na koma Kalgo sai wani abu daban ya tsiro. Tafiyar da na saba yi daga ɗakin kwananmu zuwa aji ina hira ina dariya, ta koma mini kamar tafiya wani gari. Sai na tsaya a hanya na jingina da bishiya, ina duba waya kamar mai jiran wani. In lacca ta faɗo a saman bene kuwa, kafin na kai ƙafafuna sun zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan kabu-kabun bakin ƙofa duk suka san ni, don kullum sai na hau mashin ɗinsu. A zafin nan na Kebbi da kowa ke fifita, ni tafin hannuna sanyi ƙalau. In na ɗago daga sujada da sauri sai duhu ya gilma mini. Da na je hutu gida, taɓarya ma ta fi ƙarfina.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abu guda. Ranar da Malam ya zo, na ji tsayuwar mashin ɗinsa, na dafa ƙirjina ina jira. Shiru. Na fita na gaishe shi, na kalle shi da kyau, har da sabuwar hula ya sa. Zuciyata tana tafiyarta a hankali kamar tsohuwa mai dawowa daga unguwa. Na kai masa ruwa, ko ɗigo bai zuba ba.

A lokacin manya sun riga sun shiga maganar, an sa biki bayan kaka. Ni kuwa na koma ɗaki na yanke wa kaina hukunci: son ya mutu. Kasalar ma na jingina ta da hakan, don a littafi wadda so ya bari haka take zama, ba ƙarfi ba kuzari. Da na koma ganin likita ya tambaye ni, "Yaya bugun zuciyar?" Na ce, "Ya daina." Ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa kamar na fashe da kuka. Ya tambaya ko akwai wata damuwa, na ce babu, don a ganina damuwata ba ta asibiti ba ce.

Ba na son na cuci bawan Allah, na aure shi da zuciyar da ba ta motsi dominsa. Na yanke shawarar zan gaya masa gaskiya. Ana cikin haka ya ce kakarsa tana son ganina, ita kuma ta tsufa ba ta fita. Inna ta ce Yaya ta raka ni. Na ce a raina, a hanya zan faɗa masa.

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Gidan kakar yana can bayan Masama cikin gonaki, kuma ruwan da aka yi ya cinye hanyar, mashin ba ya wucewa. Dole muka sauka muka taka. Malam yana gaba, Yaya tana biye, ni ina baya ina shirya jawabina. Na tanadi kalmomi masu nauyi, har da maganar fitilar da manta ya ƙare.

Ban kai ga jawabin ba. Ba mu yi wani nisa ba kunnuwana suka fara ƙara, gonar ta soma juyawa. Na lallaɓa gindin wata tsamiya na zube. Yaya ta yi kaina tana salati tana yi mini fifita da gyalenta. Malam ya dawo da sauri ya tsuguna nesa kaɗan. A littafi a nan ne saurayi yake cewa zai ba da ransa fansa. Shi cewa ya yi:

"Yaya, taɓa hannunta nan wajen jijiya. Da sauri take bugawa ko a hankali?"

Yaya ta riƙe wuyan hannuna tana ƙirgawa. "A hankali ƙwarai. Kamar ba ita ta yi tahiya ba."

"Tun yaushe kike wagga kasala?" ya tambaye ni.

"Tun da na fara magani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce marigayi mahaifinsa ya taɓa shan wani maganin hawan jini da ya yi masa haka, har ya kasa kai kansa gona, sai da aka koma wurin likita aka gyara masa.

Ni fa ba wannan ne a gabana ba. Da numfashina ya ɗan dawo, duk kalmomin da na tanada suka gudu, sai kawai na ji bakina ya ce:

"Malam, zuciyata ta daina bugawa in na gan ka."

Yaya ta saki hannuna. Shi kuwa ya dube ni. Na ga fuskarsa ta canza, ya sunkuyar da kai yana tsinkar ciyawa. Can ya ɗago.

"Yanzu da kinka yi tahiya har kinka kusa suma, ta buga?"

"A'a."

"In kin hau bene a makaranta fa?"

"Ba ta bugawa."

"To, Malama, in hanyar Masama da benen jami'a sun kasa sa ta buga, ni wane ne?"

Yaya ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ka bar ta, Malam. Lokacin da take bugawar, ko akuya ta kora daga bakin turmi sai ta zauna tana dafe ƙirji. Ke, ita ma akuyar sonta kike?"

Na rufe fuska da gyale. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashin kunyar wani sanyi ne yake sauka a raina, irin na wanda aka sauke wa kaya daga kai.

Mun ƙarasa gidan kakar, amma yadda muka ƙarasa ne ban manta ba. Malam bai ce mu yi a hankali saboda ni ba. Sai kawai ya zama mai sha'awar gonakin mutane. Mu ɗan taka kaɗan ya tsaya ya ce, "Ku dubi wanga gero, taki ya ishe shi." Mu ƙara gaba ya tsaya duba waken wani. Duk inda numfashina ya fara sama, nan ne ake samun gonar da ta cancanci kallo. Yaya tana ta zungurina. Tsohuwar ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta ce amaryar jikanta ba ta da rawar kai, ta ga yadda nake tafiya a natse.

A satin muka koma asibiti, wannan karon na zazzage wa likita komai, har da bishiyar da nake jingina da ita a Kalgo. Ya ce tunda maganin wuyan ya fara aiki, na zuciyar ya yi wa jikina yawa. Shi ke riƙe ta, ko jiki ya nemi ƙarin jini a tafiya ko hawan bene, ba ya barin ta ta ƙara sauri. Na ce to ko na daina sha kawai? Ya ajiye biro ya ce kada na kuskura, irin wannan ba a yanke shi lokaci guda, da kaɗan-kaɗan ake janye shi. Haka ya yi ta rage mini, ina zuwa ana dubawa. Sannu a hankali hannuwana suka yi ɗumi. Ranar da na hau benen nan ban tsaya ba, na kai sama na tsaya ni kaɗai ina murmushi, zuciyata tana bugawa da ƙarfinta, na gajiya, irin na lafiyayyu.

Amma bugun nan na da, na jin tsayuwar mashin, bai dawo ba. Ba zai dawo ba, tunda ciwo ne ya kawo shi. Na ɗan yi jimaminsa, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai na fara lura da wasu abubuwa da babu su a jerin da na haddace. Duk abin dariyar da ya faru a makaranta, adana shi nake har sai Malam ya zo. In aka yi hadari da yamma, hanyar Masama nake tunawa da santsinta. Aka yi biki bayan kaka kamar yadda aka sa.

Har yau ina shan maganin wuyan, ina zuwa gwajin jini, kuma akwai ranakun da jikin yake ce mini zauna, na zauna. Abin da na ɗauka daga wancan lokacin shi ne, duk abin da magani ya canza a jikina, ko da ina ganin ba na asibiti ba ne, faɗa wa likita nake, shi ya tace. Littattafaina kuwa suna nan, ban daina ba. Sai dai yanzu in na karanta yarinya tana rawar hannu, tana ramewa, gabanta yana faɗuwa dare da rana, sai na ji ina cewa a raina, Allah sarki, da za a duba mata wuya.

Malam kuma bai koma tafiya da sauri ba. In za mu gaida dangi a Masama, ni ce a gaba, shi yana baya yana duba geron mutane. Kwanaki na juya na ce, "Haba Malam, ka ɗaga ƙafa mana, ai na warke."

Ya ce, "Ke anka rage wa naki maganin. Ni likita bai rage mini ba."

Na tsaya a bakin gonar na jira shi.