Yadda Kawu Ba-Birki Ya Koyi Tafiya da Ƙafa

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a wata ƙasa, mutum ɗaya ne bai zo tarbata ba, kuma shi na fi sa ran gani: ƙanen mahaifiyata, direban bas, wanda duk tasha ke kira Ba-Birki. Ba don gudu aka sa masa sunan ba, Kawu bai taɓa ganganci a titi ba. An sa masa ne don ba ya tsayawa. Zai dawo daga doguwar tafiya, ya wanke fuska, ya sake juya kan motar. Ina yaro na ɗauka haka Allah ya yi shi, ba ya jin barci. Sai a wannan dawowar Umma ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa ƙwaya ce.

Da guda ɗaya ya fara, a cikin shayi, don ido ya buɗe. Shekaru suka ja, gudar ta daina isarsa. Wata rana ya tsaya a gefen titi da fasinja cike da mota, hannuwansa na rawa, ya kasa tuna inda zai karya kwana a hanyar da ya fi sani. Babu wanda ya ji ciwo. Amma manajan kamfani ya karɓe makullin ya rataye a ƙusa bayan teburinsa.

"Ban kore ka ba," in ji shi. "Ranar da likita ta ce jininka ya wanke, ga makullinka nan. In kuwa gwaji ya nuna ka koma, zan miƙa wa wani, magana ta ƙare."

A ɗaki na same shi, labule a sake, rediyo na ta surutu ba mai sauraro. An riga an kwantar da shi a asibiti an raba shi da ƙwayar, amma da ta fita sai ta bar masa ciwon damuwa. Wanka sai an yi da gaske. Abinci kuwa burodi ne da shayin da sukari ya yi wa yawa har cokali na neman tsayawa a ciki. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Bature, ka dawo?" ya mayar da ido kan silin.

Da yake ban sami aiki ba tukuna, ni na riƙa raka shi asibiti. Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ce maganin da ta ba shi da zaman da suke yi su ne ginshiƙi, kada ya yi wasa da su, amma suna son mataimaka biyu. Ya riƙa fita kowace safiya ya yi tafiya har gumi ya keto, kuma ya ci abinci na gaske: wake, ƙwai, kifi, ganye, 'ya'yan itace, ruwa da yawa, sukari kaɗan.

"Likita," in ji Kawu, "ni da na ƙare rayuwata ina kai mutane inda za su, yanzu in kama hanya ba inda za ni?"

"To ka nemi inda za ka," ta ce. "Ni dai gumin nake so."

Ɓangaren abinci matarsa ta ɗauka, wadda muke kira Anti, tela ce, kekenta na nan a falo kusa da taga. Ta ɓoye gwangwanin sukari a cikin buhun ƙyallaye, inda ta san ko kusa ba zai sa hannu ba. Ranar farko da ta ajiye masa faranti, ya leƙa ya ture.

"Ganye kuma? Akuya aka mayar da ni?"

"Akuya ai da sassafe take tashi, Maigida," ta ce, ba ta ko ɗaga ƙafa daga kan keken ba. "Ba ka kai ta ba tukuna."

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa. Ya jawo farantin.

Tafiyar ce ta zo da abin da ko likita ba ta hango ba. A inda na yi karatu, mutum zai yi ta zagaya gari a ƙafa babu mai ce masa kanzil, don haka na ɗauka abin ba wuya. Muka fito da safe, muka wuce shagon mai aski, muka wuce masu faci. Ba mu kai ga babban titi ba sai ga bas ta ci birki a gabanmu. Wani dogon mutum ya leƙo, Dogo ake ce masa, Kawu ne ya koya masa tuƙi.

"Subhanallahi! Oga, a ƙasa? Hau, hau!"

"A'a, Dogo, iska nake sha."

"Iska tana cikin mota, gilashi kawai za a sauke. Kai, yaro, matsa wa Oga gaba!"

Fasinja suka zuba mana ido, masu hon suka cika baya. Kawu ya hau. Ni ma na hau.

Washegari wani ne, Mai Gemu. Rana ta uku kuma Shiru, wani saurayin direba da ba ya magana, wanda ya buɗe ƙofa kawai ya tsaya yana kallon ƙasa har sai da muka shiga. Muka canza hanya muka bi lungu, suka iske mu a bakin lungun. Na ba Kawu wando da rigar motsa jiki da takalmin da na zo da su, ko za su gane abin da ake ciki. Mai Gemu ya yi dariya har hularsa ta faɗo kan sitiyari.

"Oga, ƙungiyar ƙwallo ta ɗauke ka? To hau in kai ka fili, kada ka makara!"

Abin ya ba ni mamaki, har na tambayi Anti ko direbobin garin nan ba su da aikin yi ne. Ta tsayar da keken.

"Tambayi kawunka wa ya koya musu. Duk yaron da ya zauna a gefensa, kafin ya nuna masa giya sai ya kafa masa doka: in ka ga ubangidanka a ƙasa, ko mota ta cika, ka tsaya ka ɗauke shi. Ya taɓa fasa gaisawa da wani yaro har tsawon damina don ya wuce shi. Sannan da ya kwanta, me ya aika aka gaya wa tasha? Wai ciwon baya. To wane mara imani ne zai bar mai ciwon baya yana takawa?"

Kawu na jin mu daga ɗaki. Ya ƙara wa rediyo murya.

Da abin ya tsaya a dariya da sauƙi. Amma duk bas ɗin da ta ɗauke mu, tasha take kai mu. A can za a zaunar da shi a tsohon bencinsa, a cika masa kofi da shayin nan mai sukari, gumi kuwa ko ɗigo babu. Kuma a bayan rumfar mai shayi akwai wani mutum mai jakar hannu da suke kira Kemis, wanda ko ƙofar makarantar magani bai taɓa gani ba.

Wata safiya Kemis ya zo ya gaida Kawu, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana jijjigawa. A hanyarmu ta komawa hannun Kawu na dama a dunƙule yake. Sai da muka shiga falo ya buɗe shi a gaban Anti. Ƙwaya biyu ne, gumin tafinsa har ya fara narkar da su.

"Wai kyauta ce, ta tsohuwar zumunta," ya ce. "Tun daga tasha nake ce wa kaina guda ɗaya ba za ta fito a gwaji ba."

Gwajin kuwa ya kusa. Anti ta kwashe su da tsumma, ta shiga banɗaki, muka ji ƙarar ruwa. Ta fito ta zauna kusa da shi, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabana ba.

"Maigida, kai ka ɗaura dokar nan. Babu mai kwance ta sai kai."

"In na ce su daina tsayawa, za su tambayi dalili."

"To sai ka faɗa."

"Yaran da na raina? In tsaya a gabansu in ce ubangidansu ɗan ƙwaya ne?"

"Ko ka faɗa ka karɓi makullinka, ko ka yi shiru ka ga wani a kujerarka. Zaɓi ɗaya."

Washegari ya ci wakensa da ƙwai bai yi ƙorafi ba, ya ɗaura takalmi. Ba mu yi nisa ba Dogo ya ci birki. Kawu ya ce masa, "Wuce ka tara mini yara a tasha, ina zuwa. Da ƙafata." Yadda ya faɗe ta, Dogo bai yi musu ba.

Tashar da nisa. Ranar ce ya fara yin gumin da likita ke nema, rigarsa ta jiƙe har baya. Da muka isa, direbobi sun taru a rumfar mai shayi. Kawu ya hau kan benci, ya riƙe ginshiƙi.

"Ba ciwon baya nake yi ba," ya ce. "Ƙwaya na sha, shekara da shekaru, har ta kayar da ni. Yanzu ina shan magani, kuma likita ta ce in yi tafiya. Duk wanda ya ɗauke ni, ramin da na fito yake mayar da ni."

Dogo ya sosa ƙeya.

"Oga, ai mun sani."

"Kun san me?"

"Duka. Tun ranar da Manaja ya rataye makulli. Mu gani muka yi ka rasa mota, kunya ta hana ka tsayar da mu, shi ya sa muka yi shawara kada a bar ƙafarka ta taɓa ƙasa. Har rabon unguwanni muka yi. Lungun nan da kuke bi, na Mai Gemu ne."

"Kuma kun ba ni wahala, wallahi," in ji Mai Gemu. "Mota ba ta shiga, sai dai in laɓe a bakinsa kamar ɗan sanda."

Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban ji ba tun ina yaro, har sai da ya zauna a kan bencin yana share ido. Da ya sarara ya kafa sabuwar doka: wanda ya gan shi a ƙasa ya danna hon ya wuce. Wanda kuwa ya tsaya, sai ya kashe mota ya sauko su taka tare. Mai shayi ya miƙo masa kofi, ya ce a ba shi ruwa. Kemis kuwa, da aka waiwaya, ba shi ba jakarsa, kuma Dogo ya tabbatar masa daga baya cewa rumfar nan ta fi ƙarfinsa.

Daga nan safiyarmu ta zama ta hon. "Taka, Oga!" "Tumbi ya fara gudu!" Shi kuma yana ɗaga musu hannu yana ce musu 'yan banza. Ba kullum ne da daɗi ba. Akwai ranakun da nauyin ke dawowa ya ƙi tashi, sai Anti ta yaye labule ta ajiye takalmin a bakin gado ta koma kan kekenta. Wani lokaci ya sa, wani lokaci sai washegari. Amma barci ya fara zuwa da kansa, rawar hannu ta tafi, har na kama shi yana yi wa mai kayan miya ciniki a kan alayyafo kamar wanda aka haifa a lambu.

Mota ɗaya ce kawai ta taɓa tsayawa. Wata safiya Shiru ya tsaya babu fasinja, ya kashe inji, ya sauko ya jera da mu. Mun yi nisa kafin ya buɗe baki.

"Oga, likitar nan... tana ganin kowa?"

Kawu ya dube ni. "Bature, yi gaba kaɗan." Na yi gaba.

Gwaji ya fito fes, na bayansa ma haka. Manaja ya sauke makulli daga ƙusa, ya ba shi layin cikin gari, na rana kawai, bisa roƙon Kawu da kansa. Har yau da ƙafa yake zuwa tasha, da kwanon abincin Anti a hannu, Shiru a gefensa.

Ni ma na sami aiki. Kwanan baya na makara, rana ta take, ina tsaye a bakin titi da takalmin ofis mai matse ƙafa, sai ga bas ɗin Kawu da kujeru a sarari. Na ɗaga hannu da murna. Ya rage gudu, ya leƙo ta taga, ya dubi cikina da ya fara turo riga.

"Taka, Bature!" ya ce, ya danna hon ya wuce.