Shekarar da Zanuka Suka Sauko Ƙasa

Kafin masu zane su gama miƙa a gidajensu, Baba Mai Ƙusa ya riga ya buɗe ɗakin aikin da suke tarayya a ciki, ya wangale tagogi don warin fenti ya fita. Daga nan sai bakin famfo. Kullum sai ya tarar da burushin wani a tsome cikin gwangwanin kananzir, gashinsa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya wanke shi da sabulu, ya daidaita bakinsa da yatsu, ya kwantar da shi ya bushe, yana mita shi kaɗai. Idan mai burushin ya iso, gaisuwar da zai samu ita ce, "Sannu, attajiri. Kai a bishiya kake tsinko burushi?"

Ba ya zane, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Nasa shi ne ya haɗa katako, ya ɗaure ƙyalle a kai, yana ja daga tsakiya zuwa kusurwa har sai ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji amo, sannan ya shafa farin fenti, ya bushe, ya ƙara shafawa. Ranar kwasar kaya zuwa baje koli kuwa ba a ganin haƙorinsa. Kwali a kowace kusurwa, kuma fuskar zane ba ta jingina da fuskar wani. Mai zanen jiragen ruwa, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, har yau tana ba da labarin shekarar da motar kaya ta iso fentin babban zanenta bai bushe ba, ta zauna tana kuka. Ya kafa 'yan guntayen katako a gefen firam, ya rufe da falanki yadda ba abin da zai taɓa fentin, ya shiga bayan motar ya rungume shi har zauren baje kolin.

Kai ne mai rataya, Baba. Kai ne kake raba zane da zane don kowanne ya sha iska, kake karkata fitila don kada gilashi ya kashe wa mai kallo ido. Sunan kowa yana manne a bango, ban da naka.

Shekara da shekaru bai taɓa auna bango da tef ba. Yakan tsaya a gabansa, ya ɗiga fensir daidai idonsa, nan tsakiyar zane za ta zauna. Shi mutum ne matsakaici, don haka idonsa ya yi wa kowa daidai. Abin da ba wanda ya so ya lura da shi shi ne, tun faɗowar da ya yi daga tsani, bayansa yake ta ranƙwafawa a hankali.

Bana 'yarsa ta ce ya isa haka, da an rufe baje koli za ta tafi da shi gidanta. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya rataya na ƙarshe shi kaɗai. Aka bar masa zauren.

Washegari da safe masu zane suka shiga, suka yi cirko-cirko. Layi ya miƙe sambal, tazara daidai, fitilu daidai, amma kowane zane a ƙirjin mutum ya tsaya. Shugaban baje kolin ya ɗora tef a bango, ya girgiza kai.

"A cire a sake kafin a buɗe ƙofa," in ji shi. "Ku yi sauri, kada tsohon ya zo ya gani."

Ashe tsohon yana bakin ƙofa. Ya tako a hankali, ya dubi tef ɗin, ya dubi ɗigon fensirinsa a can ƙasa. Sannan ya ce wa mai zanen jiragen ruwa, "'Yata, ashe haka na koma? Ba wanda ya gaya mini." Ya zaro guduma daga aljihun rigar aikinsa, ya ɗaga hannu zai kai inda tef ya nuna, hannun ya tsaya a hanya. Duk wanda ke wurin sai da zuciyarsa ta karye.

Ta karɓi gudumar a hankali. "Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban, "nawa dai ba mai taɓa shi. Inda Baba ya sa shi, nan zai zauna."

"Masu saye za su wuce ba su gani ba, Hajiya."

"Su wuce."

Sauran masu zanen ma kowa ya je ya tsaya a gaban zanensa. Ba a zare ƙusa ko ɗaya ba.

Aka ajiye wa Baba kujera kusa da ƙofa, aka buɗe. Mutane suka shigo, manya da rigunan alfarma, dogaye da gajeru, duk wanda ya iso gaban zane sai ya rusuna kafin ya gani da kyau. Haka aka yini, zaure guda ana ta rusunawa a gaban aikinsa. Baba yana kallo, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Yanzu ɗakin aikin ba mai mita da safe, burusa suna kwana a kananzir. Mun gode, Baba Mai Ƙusa, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu zane, ku wanke burushinku, ku riƙe aiki yadda ya riƙe shi, ku dubi mai rataya muku zane tun yana tsaye a miƙe. Mu mun makara, sai da bango ya gaya mana.