Ƙwayoyin da Gwaggo ta Goya

Lokacin da nake digiri na biyu, wajen gwaggona nake zaune a Karofi, kullum in hau babur zuwa Dutsin-Ma. Bincikena a kan ƙwayoyin bakteriyan da ke mai da madara kindirmo ne. Na samo nono a Rawayau, na shafa shi a 'yan farantan gilashi masu murfi, waɗanda aka zuba wa abincin ƙwayoyin. Abincin nan shi ne na ƙarshe a ɗakin gwaje-gwajenmu. In ya lalace, sai in jira wani zangon, 'yan ajinmu su gama su bar ni.

A ranar da na shafa nonon, taransifoma ta ƙone. Akwatin da ke ɗumama farantan ya huce kamar murhun da ruwa ya daka.

Na liƙe bakinsu da salatif, na kawo gida, na zauna gindin bishiyar bedi ina kallonsu. Ina ƙaunar ƙwayoyin nan. Nakan ɗauke su taurari ne da ba su kai ga fitowa ba.

"Ke kuma mi aka yi maki?" in ji Gwaggo.

Na ce ɗumi suke so, irin na jikin mutum, ba ƙari ba ragi.

"Yo ai goyo kenan. Miƙo su."

Ta naɗe su a tsumma, ta aza a baya, ta ja zani, ta ɗaure da majanyi. Haka ta yi shara, haka ta tankaɗe gari. In za ta yi salla sai ta kwance ta miƙo mini: "Riƙe ƙannenki." In akuya ta yi kuka har jijjiga su take. Abu ɗaya na roƙe ta: kada a buɗe murfin, ko numfashi kada ya shiga.

Washegari na tafi lacca. Ashe labari ya zaga unguwa cewa an ga Gwaggo, mai jikoki cike da gida, da sabon goyo. Na dawo na tarar da takalma a ƙofa, mata cike da tsakar gida sun zo barka. Har da mai sabulu. A tsakiyar tabarma ga farantaina a buɗe, ga Hajiya maƙwabciyarmu, wadda babu jaririn unguwar da bai sha tofinta ba, ta duƙa tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya! Me kike yi?"

"Tsari nike masu, ɗiyata. A bar abu yana yawo a baya babu tofi, ga bakin mutane?"

"Gwaggo, ban ce kada numfashi ya shiga ba?"

"Ai ba numfashi ba ne, addu'a ce. Kuma ni ce zan hana Hajiya ganin goyo? A ce na yi rowa?"

Wata ta leƙa faranti ta ce, "Ni fa ban ga kamar kowa ba."

"Haka jarirai suke," in ji Hajiya, "sai sun kwana biyu."

Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na rufe su, Gwaggo ta mai da su baya.

Sun kuwa fito. Ɗigo-ɗigo farare nake jira, sai ga rawaya, ga ruwan toka, ga wani mai gashi kamar auduga, sun cika faranti kamar ranar kasuwa. Wallahi sun yi kyau. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya daɗe yana kallo.

"Wace irin saniya ce wannan?"

Na ba shi labari. Ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in dawo zango mai zuwa.

Na dawo da su gida, Gwaggo na bakin ƙofa tana jira.

"Sun rayu?"

"Sun rayu, Gwaggo. Amma ba nawa ba ne, na bakin Hajiya ne."

Ta dubi farantan da ta sha wahalarsu.

"To ai sai a kai mata abinta. Ba a riƙe ɗan wani."

Ta yafa mayafi ta fita da su. Ni kuwa na koma gindin bedi, na fara jiran zangon.